Daga "estacode" zuwa "severally": Asalin kalmomin Turanci da ke yawo a fayilolin gwamnati

Duk ma'aikacin da ya taɓa bin fayil ɗin tafiya ƙasar waje daga hawa zuwa hawa a Sakatariyar Gwamnatin Tarayya da ke Abuja ya san kalmar da ake ɗokin gani a shafin ƙarshe: "estacode". Ita ce alawus ɗin kwana da ake lissafa wa jami'i da dala idan aiki ya fitar da shi daga Najeriya, kuma ba ƙaramar zarya ake yi a kanta ba. Sai dai da jami'in zai sauka a Landan ya ce wa takwaransa na can an biya shi "estacode", da wuya a gane abin da yake nufi. Matashin Bature bai san kalmar ba. Dattijon da ya yi aikin gwamnati shekaru sittin da suka wuce kuwa zai ɗauka maganar wani littafi ake yi.

Kuma asalinta littafi ne. A shekarun 1940 Baitulmalin Birtaniya ta tattara ƙa'idojin ɗaukar ma'aikata da albashi da hutu da alawus a kundi ɗaya mai suna "Establishment Code", aka gutsure sunan ya koma "Estacode". Akawuna sukan buɗe kundin don duba nawa ya kamaci mai tafiya. A hankali sunan littafin ya koma kan kuɗin da ake dubawa a cikinsa. Birtaniya ta daɗe da sauya kundin, kalmar ta mutu a gidansu, amma a Abuja tana nan da ranta da lafiyarta.

Da yawa daga cikin kalmomin da ke sa takardar gwamnati ta yi kwarjini haka tarihinsu yake. Idan aka bi sawunsu, sai a tarar da ƙyalle, ko jaka, ko kwando, ko tsinken itace. Sanin wannan yana rage wa sabon ma'aikaci tsoron Turancin ofis. Akwai kuma kalmomin da rashin sanin hanyar da suka biyo kan sa mutum ya sa hannu a kan akasin abin da yake nufi.

Ƙyalle, jaka da kwando

A fara da fayil ɗin kansa. "File" ta fito ne daga kalmar Faransanci mai nufin zare, domin a da ana huda takardu ne a zura su a zare ko waya a rataye. Igiyar nan da masinja ke zurawa a kusurwar takarda ta fi kusa da asalin kalmar fiye da fayil ɗin kwamfuta.

"Bureau" da ke cikin sunayen Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata da hukumar sa ido kan bayar da kwangila, ta faro ne a matsayin sunan wani yadin ulu mai kaushi da Faransawa ke shimfiɗawa a kan teburin rubutu. Sunan yadin ya koma kan teburin, daga teburin ya koma kan ɗakin, daga ɗakin ya koma kan mutanen da ke zaune a ciki. A tsakiyar ƙarni na 18 wani masanin tattalin arziki na Faransa, Vincent de Gournay, wanda yawan dokokin gwamnati a kan kasuwanci ya gallabe shi, ya liƙa wa kalmar wutsiyar Girkanci mai nufin mulki. Da gatse ya yi, ma'anarsa ita ce "mulkin teburi". Daga nan "bureaucracy" ta samo asali, wato tun ranar suna zagi ce.

"Budget" ma ba ta da wata alaƙa da lissafi a farkonta. Tsohuwar kalmar Faransanci ce, "bougette", ƙaramar jakar fata irin wadda matafiyi ke ratayawa. A 1733, lokacin da Robert Walpole ke ƙoƙarin shigo da sabon haraji a kan taba da giya a Birtaniya, abokan hamayyarsa suka wallafa wata ƙasida ta ba'a mai suna "The Budget Opened", suka kwatanta shi da mai maganin bogi da ke kwance jakarsa a kasuwa yana tallar ƙulle-ƙulle. Sunan ya bi jawabin kuɗi na shekara, har ya zama kalmar da Shugaban Ƙasa ke amfani da ita idan ya je gabatar da kasafi gaban Majalisar Tarayya. Har gobe ministan kuɗin Birtaniya na ɗaga jan akwati a ƙofar gidansa ranar kasafi. "Fiscal" kuwa, wadda ake jingina wa manufofin haraji da kashe kuɗi, daga "fiscus" take, kwandon da Rumawa ke zuba kuɗi a ciki, wanda daga baya ya zama sunan taskar sarki. Idan aka ce an yi "confiscate" ɗin kadarar wani, abin da kalmar ke cewa a zahiri shi ne an jefa ta cikin kwandon hukuma.

Wadda ta fi su doguwar tafiya ita ce "exchequer", sunan baitulmalin Ingila. A ƙarni na 12 jami'an sarki kan zauna sau biyu a shekara su karɓi lissafin haraji daga hakiman gundumomi. Da yake da lambobin Rumawa ake rubutu, kuma yin jimla da su aiki ne ja, sai a shimfiɗa wani ƙyalle mai gidaje-gidaje a kan babban teburi, ana ajiye 'yan ƙwayoyi a gidan fam da gidan sule da gidan kwabo, kamar masu dara. Ƙyallen ya yi kama da allon wasan "chess", sai aka kira wurin da sunan allon. Sunan wasan kuma ya samo tushe ne daga "shah", wato sarki a harshen Farisa, ya ratso ta hannun Larabawa zuwa Turai.

Rasit ɗin wancan zamani itace ne. Idan hakimi ya kawo kuɗi, sai a ɗauki ɗan sanda a yi masa tsaga-tsaga gwargwadon adadin, sannan a tsaga shi biyu a tsaye: rabi ga mai biya, rabi ga baitulmali. Ranar bincike a haɗa su. Idan wani ya ƙara tsaga a nasa, ɗayan rabin zai tona shi. Dabara ce mai kyau, sai dai aikin gwamnati ba ya saurin sakin abin da ya saba da shi, don haka ba a daina amfani da sandunan ba sai 1826. Aka bar tarinsu jibge a Westminster. Ranar 16 ga Oktoba, 1834 aka ba wasu leburori biyu umarnin ƙona su a murhun da ke ɗumama zauren Majalisar Dattawan Birtaniya. Suka yi ta cusa itace tun safe. Da magariba wuta ta kama ginin, kafin gari ya waye ta cinye mafi yawan fadar, har da zaurukan majalisun biyu. Ginin majalisa mai doguwar hasumiyar agogo da ake gani a hotunan Landan yau, wanda aka gina ne a madadin wanda tsofaffin rasit suka ƙona.

Kuɗin jarida da guntun Latin

Ma'aikacin da ya zo tantancewa ko ya fara haɗa takardun fansho ya san darajar "gazette", domin a cikinta ake neman shaidar ɗaukarsa aiki da ta tabbatar da shi. A birnin Venice na ƙarni na 16, "gazeta" sunan wani ɗan ƙaramin tsabar kuɗi ne, kuma shi ne farashin takardar labarai da ake sayarwa a gari. Ta shiga aikin gwamnatin Ingila ne ta dalilin annoba. A 1665 cuta ta kori Sarki Charles na Biyu da fadawansa daga Landan zuwa Oxford, kuma suna tsoron taɓa takardun da suka fito daga birnin, sai aka fara buga musu jaridar hukuma a can a watan Nuwamba. Da sarki ya koma gida a farkon 1666 ta zama "London Gazette", wadda har yau ake bugawa. Ita ce kakar duk wata gazet ta ƙasashen da Birtaniya ta mulka.

Wasu kalmomin kuma guntayen jimlolin Latin ne da aka yanko daga takardun kotu. "Quorum" na nufin "waɗanda daga cikinsu". A takardar naɗa alƙalan sulhu na Ingila akan jera sunaye da yawa, sannan a zo wata jimla da ta fara da wannan kalma, wadda ke ware wasu ƙwararru da ba za a yi zama ba sai da ɗayansu. Kalmar farko ta jimlar ta zama sunan ƙa'idar. Sashe na 54 na Tsarin Mulkin 1999 ya sa ta a kan kashi ɗaya cikin uku na 'yan kowace majalisa, wato mutum 120 a Majalisar Wakilai mai kujeru 360. "Affidavit" na nufin "ya yi rantsuwa", "subpoena" kuma "a ƙarƙashin hukunci", kalmomin farko na sammacin da ke gargaɗin wanda ya ƙi zuwa. "Ignoramus", da ake jifan jahili da ita, a da hukuncin masu taimaka wa alƙali ce: "ba mu sani ba", abin da suke rubutawa a bayan takardar tuhuma idan hujja ba ta isa ba. Wani wasan kwaikwayo da George Ruggle ya rubuta, aka nuna a Cambridge a 1615, shi ya raɗa wa wani lauya dolo wannan suna, kalmar ta koma zagi.

"Imprest" ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Jami'ai da yawa na kallon ta a matsayin kuɗin hidimar ofis da aka ba su. Tushenta kalma ce mai nufin rance, 'yar'uwar "imprestare" ta Italiyanci, wato ba da bashi. A Ingila ta da, kuɗi ne da ake ba soja ko jami'i tun kafin aiki, a kan zai kawo bayanin yadda ya kashe. Shi ya sa Dokokin Kuɗi na gwamnati suka wajabta a kawo rasit a rufe lissafinta, kuma shi ya sa mai binciken kuɗi ke rubuta wanda bai kawo ba a jerin masu riƙe da kuɗin hukuma. A nan ma'anar farko ba ta gushe ba ko kaɗan.

Layin mutuwa

Ba kowace kalma ce ke da asali mai ban dariya ba. Hadimin da ke gaya wa abokan aikinsa cewa "deadline" ɗin jawabin minista ƙarfe huɗu ne, yana aron kalma ce daga ɗaya daga cikin munanan kurkukun yaƙin basasar Amurka. A sansanin fursunonin yaƙi na Andersonville da ke jihar Georgia, wanda aka buɗe a 1864, an kafa wani ɗan shinge a cikin katanga, kimanin ƙafa 19 daga jikinta. Duk fursunan da ya ƙetare shi, ko ya taɓa shi, masu gadi na da izinin harbe shi. Wannan shi ne "dead line". Kusan mutum 13,000 ne suka mutu a sansanin, akasarinsu saboda yunwa da cuta, kuma an rataye kwamandansa, Henry Wirz, a Nuwamban 1865. Sai wajen 1920 kalmar ta bayyana a ɗakunan labarai na jaridun Amurka da ma'anar lokacin da ba a karɓar rubutu bayansa.

"Boycott" sunan mutum ne. Kyaftin Charles Boycott wakilin wani mai gonaki ne a gundumar Mayo ta ƙasar Ireland. A 1880, bayan damina ta yi gardama, manoman haya suka nemi ragin kuɗin gona, shi kuma ya nemi korar su. Maimakon su far masa, sai gari ya juya masa baya: leburori suka bar gonarsa, masu kanti suka daina sayar masa da kaya, har mai kawo wasiƙa ya daina zuwa. Sai da aka kawo 'yan sa-kai kimanin hamsin daga arewacin ƙasar, da sojoji da 'yan sanda wajen dubu suna gadinsu, kafin a girbe amfanin da kuɗin gadinsa ya ninka darajarsa sau da yawa. Kafin shekarar ta ƙare ya bar Ireland, sunansa kuma ya shiga jaridu a matsayin aikatau. "Nepotism" ta fito daga kalmar Italiyanci mai nufin ɗan ɗan'uwa, saboda al'adar wasu Fafaroma ta ɗora 'ya'yan 'yan'uwansu a manyan muƙaman coci, har sai da Fafaroma Innocent na 12 ya taka wa abin birki da doka a 1692.

Labaran da suka fi gaskiya daɗi

Masu rubuta wa manya jawabi suna son buɗewa da asalin kalma, kuma a nan ne ake yawan zamewa. Wanda ya fi yawo shi ne cewa "salary" ta samo asali ne domin da gishiri ake biyan sojojin Rum. Gaskiya ne "salarium" ta Latin tana da dangantaka da "sal", wato gishiri. Amma babu wani marubucin zamanin Rumawa da ya ce an biya soja da gishiri. Masu ƙamus na ƙarnonin baya ne suka yi hasashen, aka yi ta kwafa har ya zama kamar tarihi. Labarin na saurin shiga kunnen wanda ya san darajar gishirin Bilma a kasuwannin ƙasar Hausa, sai dai daɗin labari ba hujja ba ne.

Haka ake cewa "tariff" daga garin Tarifa na gaɓar Sifaniya take, wai a can ake karɓar kuɗin fito daga jiragen ruwa. Asalinta ya fi haka kusa da gida. Larabci ce, "ta'arif", sanarwa ko bayyanawa, ta shiga Italiyanci ta hannun fataken Bahar Rum da ma'anar jerin farashi, sannan ta wuce Faransanci da Turanci. Tushe ɗaya suke da "ta'arifi" da malaman zaure ke faɗa idan za su bayyana ma'anar abu. Jami'in kwastan da almajirin fiƙihu kalma ɗaya suke juyawa ba su sani ba.

Irin wannan kuskure ya taɓa Hausa ma. An daɗe ana koyar da cewa "boko" lalatacciyar "book" ce. A 2013 masanin harshe Paul Newman ya nuna cewa kalmar Hausa ce ta asali mai nufin abin da ba na gaske ba, ko yaudara, kamar yadda ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo ta, kuma kamar yadda ake cewa amaryar boko. Kamannin sauti ne kawai ya haɗa su. Wannan kamannin ne kuma ya sa wasu ke cewa "bogus" ta Turanci daga "boko" take, alhali abin da rubuce-rubuce suka nuna shi ne ta fara bayyana a Amurka a matsayin sunan injin buga jabun kuɗi.

Kalmomi masu baki biyu

"Bogus" ɗin nan tana da wata matsalar ta daban a Abuja. A Turancin Najeriya ana amfani da ita da ma'anar abin da ya yi girma fiye da kima, shi ya sa ake jin "bogus allowances" idan ana sukar yawan alawus ɗin 'yan majalisa. A wajen Najeriya ma'anarta jabu ce kawai. Jami'in da ya rubuta wa wata hukumar ba da lamuni ta ƙasar waje cewa farashin da ɗan kwangila ya kawo "bogus" ne, yana nufin ya yi tsada, ya zargi mutumin da zamba a rubuce.

"Sanction" ta fi haɗari, domin ko a Ingila fuska biyu gare ta. Daga Latin take, inda take nufin tsarkake doka da tabbatar da ita, kuma take nufin sashen dokar da ya faɗi hukuncin wanda ya karya ta. Turanci ya gaji duka biyun. Idan aka rubuta a fayil cewa Babban Sakatare ya yi "sanction" ɗin biyan kuɗi, amincewa ya yi. Idan aka ce ya yi "sanction" ɗin jami'i, hukunta shi ya yi. Jimlar da ta ce an yi "sanction" ɗin wani mataki da darakta ya ɗauka tana iya ɗaukar kowanne, kuma irin ta ce lauyoyi ke cin abinci a kai. "Oversight" ma haka: ita ce aikin sa ido da sashe na 88 na Tsarin Mulki ya ba Majalisar Tarayya, ita ce kuma kalmar da ma'aikaci ke fakewa da ita a amsar takardar tuhuma idan abu ya wuce shi bai lura ba.

Sai "table". A majalisar Birtaniya, idan aka yi "table" ɗin batu an gabatar da shi ne don a tattauna. A majalisar Amurka an jingine shi ke nan. Winston Churchill ya ba da labari a tarihin Yaƙin Duniya na Biyu da ya rubuta cewa hafsoshin ƙasashen biyu sun taɓa yin doguwar jayayya mai zafi a kan wata takarda ta gaggawa: Turawan Ingila na cewa a yi "table" ɗinta, Amurkawa na ƙi, kafin su gano cewa dukkansu so suke a tattauna ta nan take. Najeriya na tsakiyar wannan ruɗani, domin aikin gwamnatinta gadon Birtaniya ne, tsarin majalisarta kuma tun 1979 samfurin Amurka ne. A zauren majalisa a Abuja ma'anar Birtaniya ce ke aiki, amma hadimin da ke musayar wasiƙa da ofishin wani sanata a Washington gara ya rubuta "present" ko "postpone" ya huta.

A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi da ma'anoni 29 na Turancin Najeriya, ciki har da "okada" da "danfo" da "Kannywood". A cikinsu akwai "severally" da ma'anar "sau da yawa", yadda ake cewa an gargaɗi ma'aikaci "severally". Masu amfani da ita haka sun samu abin kafa hujja, kuma a hira ko a jarida babu mai ƙalubalantar su. Amma tsohuwar ma'anarta, "kowa shi kaɗai", tana nan daram a harshen shari'a, kuma ita kotu ke karantawa. Idan takardar lamuni ta ƙungiyar adashen ma'aikata ta ce masu tsaya wa mai karɓar bashi su uku sun ɗauki nauyi "jointly and severally", ba cewa take yi za a neme su sau da yawa ba, ba kuma cewa take yi za a raba bashin gida uku ba. Cewa take yi mai bin bashi na da ikon ya bar biyun, ya zaɓi wanda albashinsa ya fi sauƙin kamawa, ya karɓi kuɗin gaba ɗaya daga hannunsa.